Jaje a Yerwa: Abin da Ɗan Mabai Ya Gano Bayan Ambaliyar Alau

Mu mutanen kudu maso yammacin Katsina, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, ta fuskar rashinsa muka fi sanin ruwa. Ƙasarmu a kan dutse take zaune. Mai haƙar rijiya a Mabai ba ya nisa yake cin karo da fa, kuma da bazara ta kankama sai guga ta fara dawowa da laka. Shi ya sa da labari ya iso ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, cewa madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta ci Maiduguri, abin da ya fara zuwa bakin mutane shi ne rayuka da gidaje da dukiya. Ban ji wanda ya tambayi abin da mutanen can suke sha ba. A tunanin wanda ya saba kora jaki zuwa gulbi da jarkoki, garin da ruwa ya kai wa mutum wuya ba a yi masa zancen ƙishirwa.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda fatauci ya kai shi Borno tun ina ƙarami, ya yi aure a can, ya zauna a unguwar Gwange. Da aka samu wayarsa aka tabbatar yana nan da ransa shi da iyalinsa, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, masara da gero da 'yan kuɗi, aka ce in kai jaje. Ruwa ya riga ya janye lokacin da na kama hanya.

Hanyar doguwa ce, kuma tsoronta a bakinta biyu yake. Daga Mabai zuwa Ƙanƙara sai ka tambayi 'yan acaɓa ko hanya lafiya kafin ka hau. Daga Damaturu zuwa Maiduguri kuma direba ba ya son ko tsayuwar la'asar, don kada sojoji su rufe ƙofar gari yana waje. Tsakanin nan, Malumfashi da Gwarzo da Kano da Wudil, dawa da gero ne iya ganinka, wasu gonakin a tsaye cikin ruwa. A wajen Azare muka wuce inda ruwan Agusta ya yanke titi, ana ta ciko. Damina ce da ba ta bar kowa ba: a Maraɗi ruwan ƙarshen Agusta ya rusa gidaje ya yi kisa, a Damagaram tsohon masallacin ƙasa ya zube a farkon Satumba.

Wanda ya shigo Maiduguri ta Njimtilo zai iya rantsuwa ba abin da ya faru. Shaguna a buɗe, masu Keke Napep na ta kai-komo. Sai ka gangara wajen gidan waya da Kasuwar Monday sannan hanci ya riga ido ba ka labari: warin laka ne da ruɓaɓɓen hatsi da abin da ba a faɗa a gaban abinci. Ita wannan kasuwa gobara ta cinye ta a Fabrairun 2023, aka sake gina ta, 'yan kasuwa suka ci bashi suka zuba kaya, sai ga ruwa. A Gwange kowane bango da layin da ruwa ya ja masa, a wasu gidajen ya haura saman taga. Katifu a kan rufi, littattafan yara da allunan makaranta a shanye a bakin titi.

Na tarar da kawu a kan benci a ƙofar abin da ya rage na zaurensa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ya muka ji da wannan abu? Allah Ya mayar da alheri." Ya ce, "Amin, ɗana. Rai dai aka tsira da shi. Ya ka baro su Yaya?" Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Yarinya ta fito da leda biyu ta fiya wata a kan faranti. Kawu, wanda a gidansa aka san randa mai sanyi da turaren ƙasa, ya kawar da kai ya ce in yi haƙuri, randar tana ciki a kife.

Madatsar Alau tana kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga gari ta kudu maso gabas. Ta gwamnatin tarayya ce, an kammala ta a 1986, tana hannun hukumar raya yankin Tafkin Chadi, kuma aiki biyu aka ɗora mata: noman shinkafa a fadamar Jere, da shayar da Maiduguri. Ta taɓa yin irin wannan a Satumban 1994, dattawan Gwange har nuna maka suke yi inda ruwan wancan karo ya tsaya. A wannan karon hukumar NEMA ta ce ruwa ya mamaye kusan kashi 70 cikin ɗari na birnin, sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu, Gwamna Babagana Zulum kuma ya ce abin ya shafi kusan mutum miliyan ɗaya. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a, ya rusa katangar gidan yari fursunoni 281 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya saki kadoji da macizai cikin unguwanni. Waɗannan su rediyo ya fi ɗauka, don suna da daɗin bayarwa. Abin da ya sami ruwan sha ba shi da wannan armashi, sai ka zauna an warware maka shi a tsanake.

Ta hanya uku Maiduguri take shan ruwa. Akwai famfon gwamnati, wanda ake jawo ɗanyen ruwansa daga Alau zuwa matata, a tace, a tura unguwanni. Akwai rijiyoyin burtsatse, na hukuma da na masallatai da na masu hali da ke sayarwa, masu yawan gaske, domin ƙasarsu ba irin tamu ba ce: yashi ne da yumɓu hawa-hawa, ruwa na kwance a ƙarƙashi mataki uku, na sama da na tsakiya da na can ƙasa. Sannan akwai masu moya, 'yan garuwan garin, da ke jera jarkoki a kura su bi lungu-lungu, kuma su ne ainihin masu shayar da talaka. A dare ɗaya duk ukun suka faɗi, kowanne da irin faɗuwarsa. Matatar ruwa ta tsaya, don bututu sun karye, tafkin da take dogara da shi kuma ya tsiyaye ta inda ya ɓalle; ruwan da aka tara don a sha har bazara shi ne ya bi ta kan gari ya wuce. Burtsatse suka mutu, don wuta ta ɗauke, janareta da akwatunan sola sun nutse, wadda kuma ba a ɗaure bakinta da siminti da kyau ba ruwan ambaliya ya zurara ta gefen bututu ya gangara ciki. Masu moya kuwa kurarsu ta tafi, su kansu suna sansani.

Ruwan ambaliya a cikin gari ba ruwan sama ba ne. Kusan kowane gida a Gwange da salgarsa. Da ruwa ya hau, salgar unguwa gaba ɗaya ta cika ta tumbatsa, ta gauraya da lambatu da bola da mushen dabbobi da abin da ya bi ta makabarta. Wannan haɗin ne ya kwana a cikin randa da tanki da rijiya. Matar kawu ta ce ta wanke randarta da omo, ta sake wankewa da toka, amma zuciyarta ta ƙi, shi ya sa ta kife ta.

Agajin farko na ceton rai ne: sojoji da 'yan sa-kai da masu kwale-kwale suna kwaso mutane daga kan rufi. Aka buɗe makarantu, aka sake buɗe sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a ƙarshen 2021 da niyyar an gama zaman gudun hijira a cikin gari. Iyalin kawu a wata firamare suka zauna. Abinci ya zo, dafaffe, daga gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, da kuma mutanen unguwannin da ruwa bai taɓa ba, waɗanda suka yi abin a yaba musu: mace ta ɗora tukunya ta aika ba ta san wanda zai ci ba. Ruwa kuwa a tanka ake kawo shi, a juye cikin wata ƙatuwar jakar roba da aka shimfiɗa a kan tudun buhunan yashi, a jona mata kawunan famfo, mata da yara su yi layi.

Ma'aikatan agaji suna da ma'aunin da suke bi ko'ina a duniya. Lita 15 ga kowane mutum a rana, ta sha da girki da tsafta. Kada wurin ɗiba ya wuce mita 500 daga inda mutum yake kwana. Kada layi ya wuce rabin awa. Masai ɗaya ga mutum 20. To, yi lissafin da kanka. Mutum 400,000, kowa lita 15, lita miliyan 6 ke nan kullum. Tankar da ke cin lita 10,000 sai an yi sawu 600 da ita a rana, a garin da gadojinsa suka lalace, gas kuma ya yi tsada. Babu gwamnatin da za ta jure wannan har wata da watanni. Tanka ta kwana biyu ce, a riƙe rai da ita kafin a tayar da rijiyoyin da suke nan tun asali. Wannan tayarwar ita ce aikin, kuma ita na fi ɓata lokaci ina kallo, don akwai wata burtsatse a bayan layin su kawu da aka zo gyara ina nan.

Aiki ne na laka da haƙuri. Sai an ciro sumo, injin da ke turo ruwa daga ƙasa, an duba ko yana da sauran rai, in ya ƙone a sa wani. Sai a yi ta zuƙe ruwan ciki ana zubarwa a lambatu, mutane na tsaye da bokitai suna kallo ransu na sosuwa, har ya daina fitowa ja ya washe. Sannan a jiƙa garin kulorin mai ƙarfi, irin wanda ke zuwa a farin bokiti, a ɗura, a rufe, a bar shi ya kwana. Washegari a sake zuƙewa har warin ya sauka. A hau a wanke tanki. A ƙarshe magini ya zo ya ɗaga bakin bututun ya ɗaure shi da siminti, a mayar da akwatin wuta can saman bango, sama da layin da ruwa ya ja. Wani injiniya ɗan gari da ke kula da aikin ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: kulorin ba ya cin ruwa mai laka. Dattin ne ke shanye shi kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Don haka in ruwa ya yi duhu sai an fara kwantar da shi da alif, yadda iyayenmu mata ke yi wa ruwan gulbi tun kaka da kakanni, a tsiyaye na sama, sannan a sa magani. Yana da wani ɗan akwatin roba da yake ɗibar ruwa a ciki ya jefa ƙwaya. In ruwan ya koma ruwan hoda, da sauran kulorin ke nan. Abin da yake nema shi ne bayan rabin awa a samu kamar rabin miligiram a kowace lita, wanda zai raka ruwan har cikin gida.

Rakiyar nan ita ce wuyar abin. Ruwa yakan fito daga famfo da tsarkinsa ya lalace a hanya. Leƙa cikin jarkar da ta shekara tana aiki ka ga koren da ya kama gindinta. Yaro ya tsoma hannu a bokiti, moɗa ta faɗi ƙasa a mayar da ita randa. Saboda haka aka zaunar da wani saurayi a bakin burtsatsen, da rigar ƙungiya da bokitin ruwan magani da sirinji ba allura, duk jarkar da aka cika sai ya ɗiga mata ƙa'idarta. Daga safe har magariba aikinsa ke nan, kuma ba ya rasa mai yi masa ƙorafi. Na ji wata dattijuwa ta ce masa, "Ɗana, ka rage hannu yau, jiya shayi bai shawu ba." Ya ce, "Iya, ku yi haƙuri, ku bar shi a rufe rabin awa, warin zai sauka." Masu moya kuwa, da suka fara dawowa da kurar aro, sai da aka sa su wanke jarkokinsu da ruwan kulorin kafin a bar su su ɗiba. Wanda ya yi tunanin wannan ya san garin, domin kura ɗaya mai datti ta isa ta raba ciwo a gida goma kafin azahar.

Wasu ba warin ne ya dame su ba, zargi ne. Mu 'yan Arewa ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, ko rigimar allurar shan inna ta 2003, don haka duk ƙwayar da aka raba kyauta sai an yi ƙus-ƙus ko tana hana haihuwa. Ban ga takardar da aka manna a bango ta kashe wannan magana ba. Abin da na ga ya kashe ta shi ne ranar da bulama, wato mai unguwar, ya karɓi kofi a bakin famfo ya shanye a gaban jama'a, liman ya karɓa ya bi bayansa.

A farkon Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Ba wanda ya yi mamaki, jiran ta ake yi. Amai da gudawa ba ta ba mutum kwanaki. Tana iya tsotse babban mutum tsakanin safiya da dare, yaro kuwa ba a magana. Maganinta na farko kuma ba shi da tsada: cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a yi ta ba mara lafiya ana hanyar asibiti, in abin ya yi tsanani a yi masa ƙarin ruwa. Sai dai ita wannan lita ɗayar dole ta zama mai tsafta, zance ya sake komowa bakin rijiya ke nan. Cutar ta zo ta kwantar da ɗaruruwa, amma ta tarar da garin da ya san ta. A 2017 ta ɓarke a sansanin Muna Garage, a lokacin ne aka fara ɗiga wa jama'a rigakafin kwalara a Najeriya, kuma ma'aikatan da suka yi wancan yaƙi suna nan, sun san yadda ake kafa tantin jinya da gadon da aka huda tsakiyarsa, sun san gidan da za a je a fesa wa magani.

Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba shi da daɗin faɗa. Maiduguri ta samu agaji da sauri ne saboda masifar da ta riga ta same ta. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya tara mata ƙungiyoyi, UNICEF da Red Cross ta duniya da likitocin MSF da hukumar kula da ƙaura ta IOM da wasu da yawa, da ofisoshinsu da motocinsu da sito-sito na sabulu da jarkoki da kulorin, da 'ya'yan gari da suka ƙware a aikin ruwa da tsafta. Ranar da Alau ta ɓalle ba a jira jirgi daga Turai ba kafin a fara. Mu fa? Shirin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta saba fitarwa duk shekara don Najeriya jihohi uku ya sani, Borno da Adamawa da Yobe. MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Katsina da Jibiya, ta sha kokawa a fili cewa an bar Arewa maso Yamma a waje. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya, aka sako su bayan kwana shida, sannan ta juya ta ci gaba da harkokinta. Ƙauyukan da suka watse kafin nan da bayan nan ba su jawo mana sito ko ɗaya na kulorin da na sani a yankinmu ba.

Ba kuma cewa ambaliya ba ta san hanyar Katsina ba. A daren Lahadi 15 ga Yuli, 2018, ruwan 'yan sa'o'i ya tayar da gulbi a Jibiya, ya kashe sama da mutum 40, ya rusa ɗaruruwan gidaje, wasu gawarwakin sai a Nijar aka tsinto su wajen Madarumfa. Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo jaje, Gwamna Aminu Bello Masari ya tarbe shi, aka yi alkawari, aka kawo kaya. Zancen da ya cika kunnena a lokacin na buhu ne da tabarma da kwanon rufi. Ba na raina shinkafa, wanda ya kwana da yunwa a ajin firamare ya san darajarta. Amma buhu ana iya jera shi a ƙirga a gaban kyamara, har a buga masa hoton mai bayarwa, ita kuwa yasar rijiya ba mai zuwa ɗaukar hotonta. A Maiduguri ma haka na gani. Shugaba Tinubu ya zo ranar 16 ga Satumba, gwamnoni da attajirai suka yi ta sintiri gidan gwamnati da cek na miliyoyi, sunayensu na fita a jarida. Saurayin sirinji ba wanda ya tambayi sunansa.

Shekara uku bayan Jibiya, a 2021, kwalara ta ratsa ƙasar nan. Hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ba ɓallewar madatsa ce ta kawo ta ba. Damina ce kawai ta yi abin da take yi kullum, ta wanke salga ta zuba a rijiya. Tamu ambaliyar ke nan, kuma duk shekara take zuwa. A Mabai gida nawa ne rijiya da salga suke tsakar gida ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, alhali ƙa'ida ita ce mita 30, salga kuma ta kasance ta gangare? A ƙasar yashi ƙasa kan tace wani abu kafin ya isa. A tamu ta dutse, ruwa ta tsaga yake bi, abin da ya shiga nan shi zai fito can. Rijiyoyinmu da yawa bakinsu daidai yake da ƙasa, itace aka gitta, kowa ya zo da gugarsa, in ya gama ya yar da igiya inda tumaki suka tsaya. A cikin garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma, inda mutanen ƙauyuka suka tare gudun 'yan bindiga, famfon tuƙa-tuƙa da aka yi don mutum 500 yanzu ƙauye biyu ko uku ke kansa. In ruwa ya yi ɓarna a irin wannan wuri a tsakiyar Agusta, wane direban tanka ne zai yarda ya bi hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara da yamma?

Abin da zai cece mu dole ya riga ruwan sama isowa, ya kuma zauna a hannun mutanen gari. Masu yasar rijiya muna da su, kowane ƙauye ya san nasa. Abin da ba su da shi shi ne garin kulorin da sanin awonsa, kuma wannan koyarwar wuni ɗaya ce. Kamata ya yi hukumar RUWASSA da hukumar agajin gaggawa ta jiha su ajiye shi a ƙananan asibitocin mazaɓu tun watan Mayu, a kuma riƙa sabunta shi duk shekara, don zafi na kashe masa ƙarfi. A ɗaga bakin rijiya ya kai ƙugu, a daɓe kewayenta da siminti yadda ruwa zai gangara waje, a yi mata murfi, a rataya mata guga ɗaya tata ta kanta. Buhun siminti kaɗan ne, bai kai kuɗin rumfar taron siyasa na yini guda ba. Makanikin famfo kuma a ba shi kayan gyara ya ajiye a gida, kada sai roba ta cinye a tafi Funtuwa nema. Sai madatsunmu: bayan Alau gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin duba lafiyar madatsun ƙasar, mu kuma muna da Mairuwa a Faskari, da Zobe da Jibiya da Ajiwa, kowace da mutane a ƙasanta, kuma suna da haƙƙin a faɗa musu abin da aka gani.

Labarin Maiduguri bai ƙare da janyewar ruwa ba. A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau, aka ƙaddamar da aikin a watan Maris, aka ce shekara biyu zai ɗauka. Bazarar da ta biyo baya ta zo wa unguwanni da yawa da famfo a bushe, masu moya suka ƙara kuɗin jarka, layi ya yi tsawo a bakin kowace burtsatse. A daidai wannan lokaci ne kuma Amurka ta janye hannunta daga agaji. Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, aka rushe hukumar USAID, ƙungiyoyi da dama a Borno suka rage ma'aikata suka rufe ayyuka.

Da na kira kawu in ji lafiyarsu, ya ce saurayin sirinji ya daɗe da daina zuwa, kwantiraginsu ya ƙare. Mutanen layin sun zauna da mai burtsatsen da masu moya a kan a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowace kura ana sayen magani. Masu moya suka ce to sai dai su ƙara a kan jarka, masu gida suka ce mai burtsatse ne ya kamata ya biya tunda shi ke cin riba, shi kuma ya ce kuɗin gas ma bai gama fita ba. Bulama ya ɗage zaman. Kawu ya ce kafin su daidaita in tambaya masa farashin bokitin kulorin a Kano, in ya fi na can sauƙi in ba direban motar Borno ya taho masa da shi, zai biya daga aljihunsa su lissafa daga baya.